Kwat ɗin Landan da rigar tsoho

Ni tela ne a Birnin Kebbi. Ɗinkin maza nake yi, kaftani da jamfa da babbar riga, kuma a gindin keken ubangidana na tashi, ina tsinke zare ina hura garwashin dutsen guga. Gobarar da ta ci babbar kasuwa a 2016 ta haɗa da shagona, ta lashe kekuna da yadukan mutane waɗanda ban san ta inda zan fara biya ba. Wanda ya tsaya mini a lokacin wani Alhaji ne da na daɗe ina yi wa ɗinki, babban ɗan kasuwar shinkafa da takin zamani. Ban roƙe shi ba. Shi ya aiko direbansa ya ɗauke ni, ya tambayi abin da ya ƙone, ya saya mini keke biyu da injin surfani, ya biya mini hayar shekara. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka cin naman mutumin nake yi. Har gobe in ya kira ni da tsakar dare zan tashi in je.

Bayan Babbar Sallah ta 2019 aka ce za a yi masa aikin gwiwa a Landan. Yana da ɗa da ke karatu a can, amma yaro ɗan makaranta ba zai iya zaman jinya ba, manyan 'ya'yan kuma kowa na riƙe da wani ɓangare na harkokinsa. Ana son wanda zai tura masa keken marasa lafiya, ya kama shi zuwa banɗaki, ya zuba masa ruwan alwala, ya yi masa hira da Hausa, ya kuma iya riƙe bakinsa. Sai ya ce a nemo masa tela. Ni da ban taɓa wuce Kano da Abuja ba, sai ga ni da fasfo.

Maganar asibiti ba zan tsaya a kanta ba, aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da ya fara samun ƙarfi likita ya ce ya riƙa fita yana shan iska, sai wata rana da hantsi ya ce wa ɗansa, "Ku kai ni Harrods, in nuna wa tela inda ake ɗinki."

Tun daga waje na san ba irin kantin da na sani ba ne. Gini ne guda mai launin jan ƙasa a unguwar da ake kira Knightsbridge, ya cinye layi sukutum, an zagaye jikinsa da ƙananan ƙwayayen lantarki dubbai da ake kunnawa da dare. A bakin titi motocin 'ya'yan Larabawa ne a jere, masu lambar Ƙatar da Kuwaiti da Dubai, waɗanda ɗan Alhaji ya ce a jirgin sama ake ɗauko su don hutun bazara kawai, in hutu ya ƙare a mayar. Masu tsaron ƙofa sanye da korayen kaya suka buɗe mana, ɗaya ya sunkuya ya gaida Alhaji. Yaron ya ce mini sassan da ke ciki sun haura 300, kuma wanda ya kafa wurin, Charles Henry Harrod, da ɗan shagon ganyen shayi da kayan masarufi ya fara a wannan unguwa a 1849. Wato mai tireda ne. Daga baya wani Bamisre, Mohamed Al-Fayed, ya saye shi a 1985, sannan a 2010 mutanen Ƙatar suka saya daga hannunsa a kan fam biliyan ɗaya da rabi. Alhaji ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, ya waiwayo ya ce mini, "Ka ji ko? Na Musulmi ne."

A lokacin akwai wata matakalar lantarki a tsakiyar ginin da aka ƙawata da siffofin mutanen Misira na dā, kawunan Fir'aunoni da zinare-zinare. Mu ta lif muka hau saboda keken Alhaji, amma na tsaya na leƙa ta. Suratul Ƙasas ce ta faɗo mini, inda aka ba da labarin Ƙaruna da makullan taskokinsa da ke yi wa ƙarfafan maza nauyi. Na yi a'uziyya a zuciyata na ci gaba da tura keke.

A lokacin fam ɗaya tana wajen naira 460 zuwa 470 a hannun 'yan canji, kuma a shekarar ce aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000. Waɗannan lambobi biyu su suka hana ni sakat a ranar. Duk abin da idona ya sauka a kai, sai kaina ya fara lissafi da kansa. A sashen agoguna na ga wani a cikin gilashi, fam dubu ɗari biyu da ɗoriya. Na buga a waya sau biyu don na ɗauka sifiri ne ya yi yawa. Kusan naira miliyan ɗari. A sashen turare wata yarinya ta fesa mini na itacen oud a kan wata 'yar takarda, kwalbar ba ta kai tsawon yatsana ba, kuɗinta ya fi abin da nake samu a watan azumi da nake kwana a kan keke. A ɓangaren abinci kuwa, an jera 'ya'yan itatuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne an goge shi yana ƙyalli, har da dabino a cikin akwati mai ɗaurin zare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shirun wurin. Mutane cike, amma ba hayaniya. Ba mai cewa nawa, ba mai tayawa, ba mai cewa albarka. Na saba ciniki magana ce, a ja a saki, a yi rantsuwa, mai saye ya tafi a kira shi ya dawo. A nan mutum zai nuna da yatsa, a naɗe, ya miƙa kati. Wata mata da baƙar abaya na gani tana tafe, bayanta wani bawan Allah riƙe da jakunkuna har wuya, ko waiwaye ba ta yi.

Sai muka isa sashen kayan maza, nan ne na manta da lissafi na koma tela.

Alhaji ya ce yana son kwat mai kauri saboda sanyin da ke damun ƙafarsa. Aka kawo masa kala-kala, ya zaɓi wata ruwan toka mai duhu. Da ma'aikacin ya juya zai ɗauko wata, na karɓe ta na juya cikinta waje, don wannan ita ce ɗabi'armu, ba a sanin ɗinki ta fuska. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu son a zagi Turawa daɗi ba: aikin ya yi. Ban ga zare ko ɗaya da ya leƙo ba. Ramukan maɓallai da hannu aka yi su, na gane ne don in ka kai ido kusa za ka ga tsakanin sukar allura da ta kusa da ita akwai ɗan bambancin da inji ba ya yi. Shafin ciki an kama shi da wani siririn ɗinki wanda sai ka ja yadin kafin ka gan shi. Ratsin da ke jikin yadin ya haɗu daidai a kafaɗa da bakin aljihu, wanda duk tela ya san yadi nawa ake asara kafin a samu haka. Na shafa wuyan, na ji an yi masa ciko an lanƙwasa shi da guga har ya riƙe siffarsa. Wanda ya ɗinka wannan ya san aikinsa, kuma an ba shi lokaci. Ma'aikacin ya dawo ya same ni ina wannan bincike, ɗan Alhaji ya ce masa ni tela ne. Bai nuna ƙyashi ba, sai ma ya buɗe mini hannun kwat ɗin ya nuna mini cewa maɓallan hannu na gaske ne, suna buɗewa.

Sannan na duba 'yar takardar da ke rataye. Fam 3,200. Kusan naira miliyan ɗaya da rabi, albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da shekara huɗu.

Alhaji bai duba takardar ba. Ya sa, ya kalli madubi daga kan kekensa, ya ce wa ɗansa, "Biya." Shi ke nan. Ni kuma kafin mu fita na sayi gwangwanin ganyen shayi mafi araha da na samu, aka saka mini a koriyar jakarsu mai rubutun ruwan zinare.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin bai wuce na ɗan ƙauye ya shiga birni ba. Amma kafin mu dawo Alhaji ya ce a kai shi wajen masu yadi da ke kusa da tashar Liverpool Street, inda 'yan Najeriya ke sayen leshi da boyel da shadda. Shagunan nan irin namu ne, yadi a jibge har rufi, mai shago na tsaye yana aunawa. Alhaji ya zaɓi shaddar Getzner, wadda a Ostiriya ake saƙa ta, farare da ruwan sararin samaniya. Da aka faɗi kuɗi sai na ga Alhajin da na sani ya dawo. Ya ce ya yi tsada. Ya taya ƙasa. Ya ce in juya keke mu tafi. Mai shago ya biyo mu har ƙofa. Sai da aka rage masa fam goma sha biyar a kan kowane ƙunshi sannan ya yarda, yana dariya yana ce mini, "Ka gani? Ba a barin su haka nan."

A hanyar komawa masauki tunanin wani tsoho ya hana ni magana. Mutumin Argungu ne, shi ke yi mini aikin hannu na manyan riguna tun zamanin ubangidana. Yana zaune a zaure a kan buzu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, rigar na shimfiɗe a cinyarsa. Aska takwas, aska biyu, tambari, duk da allura yake bin zanen, suka bayan suka, kuma akwai wuraren da yake huda ƙananan idanu ya zagaye kowanne da zare har fili ya cika. Riga ɗaya mai cikakken aiki gaba da baya takan ci masa wata biyu zuwa uku, don ba ya aiki sai da hasken rana, in la'asar ta yi sanyi ya naɗe. Rigar da Alhaji ya sa a Sallar da ta wuce kafin tafiyarmu shi ya yi ta. Na ce wa Alhaji kuɗin aikin hannu naira 35,000. Ya ce, "Haba tela, zinare aka saka a ciki?" Muka yi ta ja har aka tsaya a 25,000, kuma ba a cika ba sai bayan Sallah. Tsohon ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Fam goma sha biyar ɗin da aka rage wa Alhaji a shadda ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutum ɗaya ne, aljihu ɗaya, amma inda ya ga gilashi da mai gadi da suna a jikin kaya bakinsa bai iya furta "rage" ba, inda kuma ya ga zaure da buzu sai ya ga kamar cutarsa za a yi. Ba shi kaɗai ba ne. Duk masu kuɗin da nake yi wa ɗinki haka suke, su kawo shaddar dubu ɗari da hamsin su tsaya ciniki a kan dubu biyar na ɗinki. Kuma ni da na juya kayan biyu na duba cikinsu, na san awannin da ke cikin rigar tsohon sun ninka na kwat ɗin.

Na dawo gida na tarar an rufe iyakoki, Kamba da ke kan iyakarmu da Nijar ta yi tsit, yadin da ke shigowa ta Nijar ya yi tsada, manoman shinkafa kuma na murna. Da dare na fita majalisarmu ta ƙofar gida, kowa na son labari. Na ba su na kantin, na nuna hotunan da na ɗauka a waya.

Yadda mutane suka karɓi labarin ya koya mini halin abokan zamana fiye da shekarun da muka yi tare. Wani malamin firamare da ke bin bashin ƙarin girma ya miƙe tsaye, ya ce wallahi duk kuɗinmu ne, kuɗin asibiti da na makaranta ne ake kaiwa can. Na ce masa Alhaji dai ɗan kasuwa ne, bai taɓa riƙe muƙami ba. Ya ce ai duk kanwar ja ce. Wani mai sayar da albasa, ɗan Aliero, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya tambaye ni da gaske, "Shin wanga agogo, lokacin da yaka nunawa daban ne da namu?" Aka yi ta dariya. Wani kuma bai ce komai ba sai "Allah shi ba mu," yana maimaitawa, kuma na san da zuciya ɗaya yake faɗa.

Limamin masallacinmu na zaune yana jin mu. Da hayaniya ta lafa ya ce dukiya ba laifi ba ce, Sayyidina Usmanu da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne kuma an yi musu bushara da Aljanna. Tambayar da za a yi wa mai ita biyu ce, ina ya samo, ina ya kashe. In ya fitar da zakka, kashi biyu da rabi cikin ɗari, ya sauke haƙƙin iyali da maƙwabta, ba mai hana shi sa tufa mai kyau. Amma ya ce Alƙur'ani ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Malamin firamare ya ce to kwat ɗin miliyan ɗaya da rabi a wane ɓangare take? Liman ya yi murmushi ya ce wannan sai a tambayi mai kwat. Sannan ya juyo gare ni ya tuna mini hadisin da ya ce mu riƙa duban na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Ina ganin ya lura da yadda nake yawan buɗe hotunan nan.

A cikin gida kuwa ba wanda ya damu da agogo. Shayin ma an sha an manta. Jakar ce ta zama abin magana. Maiɗakina ta goge ta ta rataye, ranar biki ta saka mayafi da turare a ciki ta fita da ita. Kafin wata ya ƙare an zo aronta daga gida uku, har wata ta aiko a tambaye ni ko zan sayar. Jakar da aka ba ni kyauta a kan gwangwanin shayi. Ban hana ba, ban kuma yi musu dariya ba, don na ga manyan mutane da digiri suna ɗaukar hoto da irinta a bakin kantin.

Wanda labarin ya fi shiga jikinsa babban yarona ne na shago, wanda hannunsa ya riga ya faɗa, har na fara barin masa yanka. Ya riƙa tambayata kuɗin motocin nan, kuɗin takalma, ko masu sayen suna da wani abu da ya bambanta su da mu. Wata rana yana guga ya ce, "Maigida, wallahi da keke ba za a taɓa kaiwa can ba." Na ce masa gaskiya ne. Bayan 'yan watanni ya bi abokansa wajen haƙar zinare ta ɓangaren Yawuri. Yana kira lokaci-lokaci. Bai yi kuɗi ba tukuna, bai kuma dawo ba.

Ni abin da na iya yi kaɗan ne. Na daina haɗa kuɗin aikin hannu da na ɗinki a dunƙule. Duk wanda ya kawo babbar riga yana son aikin allura, sai in ce masa ga kuɗina, ga na mai aiki, nawa ana iya tayawa, nasa ba a tayawa, kuma rabi za a ba shi kafin ya zare allura. Na je Argungu na zauna da tsohon muka ƙirga kwanakin da riga ke ci, na ce ya faɗi abin da zai ishe shi a wuni. Ya daɗe yana jujjuya maganar, yana cewa mutane za su gudu, shi dai a bar shi yadda aka saba. Da ƙyar ya yarda muka tsayar da 70,000 a kan cikakken aiki, a kuɗin wancan lokacin. Na kuma roƙe shi ya riƙa saka wata 'yar alama tasa da zare a cikin aljihu, inda ba a gani sai an juya. Wannan ta ba shi dariya, amma yana yi.

Mutane sun gudu, kamar yadda ya faɗa. Da yawa sun koma aikin kwamfuta, wanda inji ke gamawa a wuni ɗaya, daga nesa kuma ba kowa ke bambancewa ba. Ban ga laifin mai ƙaramin ƙarfi ba. Wanda nake jira in ji ta bakinsa Alhaji ne.

Da azumi ya matso ya aiko da ɗaya daga cikin fararen shaddodin nan da muka sayo tare, ya ce aska takwas yake so. Na je gidansa da kaina bayan sallar isha'i, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sabon farashi. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Tela, Landan ta ɓata ka."

Na ce, "Ranka shi daɗe, kai ka kai ni. Kai ka ce in zo in ga inda ake ɗinki, na kuwa gani. Na juya kwat ɗinka na duba, na san rigar tsoho ciki da waje. Wallahi ba ta fi ta aiki ba."

Ya ce ai waccan suna gare ta, duk inda ka shiga da ita a duniya an san ta. Na ce wannan ma duk inda ya shiga da ita a ƙasar Hausa an san ta, tun daga fadar Gwandu har Sakkwato, kuma ranar Sallah ba kwat yake sawa ya je Idi ba. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya har yana dafa gwiwar da aka yi wa aiki. Ya ce zai ba da 60,000. Na ce albarka. Ban taɓa faɗa masa wannan kalma ba tun da nake da shi, sai da na ji cikina ya kaɗa. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Da safe direbansa ya kawo ambulan, 70,000 cif, da saƙon cewa in rigar ba ta fito kafin Sallah ba in kuka da kaina. Ta fito. Tun daga nan duk shekara yana yin ɗaya, kuma duk shekara sai ya taya, sai na ce albarka, sai ya biya. A gaban abokansa yakan nuna ni ya ce ga telan da ya kai Ingila ya dawo ya fi ƙarfinsa.

Idon tsohon ya yi rauni yanzu, riga biyu yake iya gamawa a shekara, da ƙyar uku. 'Ya'yansa ɗaya na kabu-kabu, ɗaya na aiki a kamfanin casar shinkafa, ba wanda ya zauna ya koya. Akwai wani jikansa da ke zama kusa da shi bayan makarantar allo yana cike masa ƙananan wurare, na ce zan riƙa ba yaron wani abu duk wata in ya dage. A Sallar bana mutum uku suka tambaye ni aikin hannu. Biyu sun biya. Na ukun ya ji kuɗin, ya naɗe shaddarsa ya ce zai aika Kano a yi masa na kwamfuta.